Cinikin Bututun Alhaji Tanimu

Ku 'yan zamani da kuke shigowa ofishinmu da jakar kwamfuta a baya kamar masu goyo, tambayarku ɗaya ce kullum: "Malam Sabi'u, wai ba maɓalli kawai ake dannawa ba, taswira ta fito?" Haka ne. Tuƙin jirgin sama ma danna maɓalli ne. Ku je ku danna, mu muna nan ƙasa muna yi muku addu'a.

Sana'ata auna iska ce. Kada ku yi dariya, an riga ku. Ranar da na fara zuwa gaishe da surukina, ya ce, "Yaro, me kake yi?" Na ce, "Baba, aikin iska nake yi." Tsohon ya ajiye carbinsa, ya dube ni tun daga hula har yatsun ƙafa, ya ce, "To madalla da ka faɗa da bakinka. Sauran sai an yi bincike ake ganewa." Sai da na turo kawunnaina biyu da takardar digiri kafin a sake shimfiɗa mini tabarma.

Ga aikin a taƙaice. Mutum zai kafa masana'anta mai hayaƙi, hukuma ta ce sai ya kawo rahoton da zai nuna inda hayaƙin zai sauka da yawan wanda jama'a za su shaƙa, tun ba a aza bulo ɗaya ba. Wato a yi wa hayaƙin da ba a haifa ba duba. Manhajar da ke zana taswirar tana nan, kowa na iya samunta, amma makauniya ce, sai an yi mata jagora. Kai za ka gaya mata halin da sararin da ke kan rufinmu yake ciki, awa bayan awa, na tsawon shekaru, daga ɗan abin da tashar yanayi ta rubuta: ƙarfin iska, ɓangaren da ta fito, zafi da gajimare. Jagorancin nan shi ne tuwona.

Babban abin da nake nema shi ne faifai. Ba wanda ake rufe ƙwaryar fura da shi ba, amma ɗan uwansa ne. A saman garin nan akwai wani murfi da ido ba ya gani, hayaƙi kuma ba ya iya keta shi. Da tsakar rana, ƙasa ta ɗau zafi, iska na tafarfasa kamar tukunyar taliya, faifan yana can ƙololuwa, ko shaho sai ya yi guzuri kafin ya kai. Rana na faɗuwa, ƙasa ta huce, sai ya sauko ya zauna dab da kan bishiyoyi. Shi ya sa da azumi, gab da shan ruwa, lokacin da kowane gida ke suyar ƙosai kuma kowane janareta ya tashi, za ka ga hayaƙi ya kwanta a kan titi ya ƙi tafiya. Ba taurin kai ba ne, rufe shi aka yi. Babu mai hawa tsani ya auno faifan nan. A wasu ƙasashe balan-balan mai na'ura suke saki safe da yamma ta auno musu. Mu nan yawanci sai dai lissafi da tawakkali.

Aikin da ya fi koya mini sana'ar nan shi ne bututun hayaƙin Alhaji Tanimu, don shi kaɗai ne aikin da in ya ɓaci da hancina zan sani. Filin da zai gina injin shinkafarsa yana bakin Dakata, arewa maso gabas da layinmu a Kawaji. Tsakaninsa da tagar ɗakin Inna, mahaifiyata, bai fi jifa uku ba, Inna kuwa ƙirjinta ko turaren wuta ba ya ɗauka. Amma bari in fara gaya muku hannun da ya rene ni, don ku gane yadda aka yi na kusa ɓata lamarin.

Dokta Lawan ne ya koya mini aiki, a ofishin nan da kuke zaune, gidan Turawa na da a Nassarawa GRA, mai dogon baranda da bishiyoyin mangwaro. Watana na farko bai bar ni na taɓa kwamfuta ba. Kowace awa sai ya kora ni tsakar gida in ɗaga kai, in raba sama kashi takwas, in gaya masa kashi nawa gajimare ya rufe. Haka ake auna gajimare duk duniya, da tumuni, kamar gadon matar mamaci. In dawo in ce, "Dokta, tumuni uku." Ya leƙa ta taga ya ce, "Biyar ne. Ka cinye biyu, za a tambaye ka ranar gobe." Wuyana ya sandare har na koma kallon mutane ta ƙasan haɓa. A unguwa aka ce Sabi'u ya samu aiki a GRA, girman kai ya kama shi.

Daga nan ya koya mini halayen iska guda shida, waɗanda littafi ya ba haruffa daga A zuwa F. Ni sunayen dangi na ba su don in riƙe. A ita ce goggona Ladi, ta tsakar rana: duk abin da ka ba ta sai ta watsa shi unguwa bakwai. D ma'aikacin gwamnati ne, ba ya sama ba ya ƙasa. F kuwa kakana ne bayan sallar asuba, inda ya zauna nan ya zauna. A hannun F hayaƙi tafiya yake siriri kamar zare, ya yi nisa bai baje ba, duk wanda ya ci karo da shi shi kaɗai zai shanye.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da irin tasa cin amanar. Akwai na'urar auna iska a kan sanda bisa rufi, mai ludayi uku da ke juyawa. Wata bazara ta nuna mini cewa kusan wata guda ko ganye bai motsa ba a Kano, alhali guguwa na yaye kwanon mutane tana kaiwa maƙwabta. Na kusa rubuta cewa iskar garin ta ƙare. Da na hau rufi sai na tarar an ɗaure ludayan tam da tsumma. Na kira Malam Idi, mai gadinmu mutumin Jigawa. Ya ce, "Yallaɓai, kuka yake yi, ƙii-ƙii, ba dare ba rana. Na ce wannan bawan Allah ko jaki ne ai a bar shi ya huta." Tun ranar aka ƙara masa muƙamin ɗiga wa ludayi mai.

Akwai kuma tara uku. In mai aunawa a tasha bai samu ya auna ba, sai ya rubuta tara, tara, tara, ma'ana babu. Manhaja ba ta san wasa ba, sai ta ɗauka gudun iska ne. Wani da muka yi aiki tare ya taɓa barin su a ciki, taswira ta nuna hayaƙin kamfanin sabulu yana sauka a bayan Damagaram kafin mai shi ya gama ƙyasta ashana. Ga shi kuma da agogon duniya ake rubuta bayanan, wanda ke bayan na Kano da awa guda. In ka manta ba ka gyara ba, sai rana ta fito a kwamfutarka liman yana raka'ar farko ta asuba.

Amma darasin da Dokta ya fi dasa mini shi ne wannan: "Lamba ba tumatir ba ce, Sabi'u. Ba a taya ta." Ya faɗa mini ya fi sau dubu. Shi ko a kasuwa ba ya tayi. Abin da aka faɗa shi zai biya, masu kayan miya na ganinsa suke fara kabbara.

Sai mummunar shekara ta zo. Wuta babu, dizal ya yi tashin gwauron zabi, masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sararin Dakata ya yi tas kamar an wanke shi da sabulu. Jama'a na hamdala iska ta yi daɗi, mu muna sharar ƙwalla, don sana'armu irin ta mai maganin ɓera ce: ranar da ɓera ya ƙare shi ma ya ƙare. A ofis madara ce ta fara barin shayi, sukari ya bi ta. Ganyen shayi ɗaya muka riƙa shanyawa a taga muna mayarwa har ya fara gane muryoyinmu. Ba don mangwaron gidan nan ba, da ba ku same ni ba.

Ana cikin haka Alhaji Tanimu ya shigo, babbar riga na jan ƙasa, waya uku a hannu. Ɗan kasuwar hatsi ne, da mudu ɗaya ya fara a Dawanau har ya kai ga tireloli. Mutum ne mai kai: ya ce tunda dizal ya gagara, da ɓuntun shinkafar zai riƙa hura tukunyar tururinsa. Dabara ce mai kyau, sai dai hayaƙin ɓuntu yana tafe da wata toka mai laushi da ƙaiƙayi, wadda in ta shiga maƙogwaro sai ta nemi ɗaki ta zauna.

Na je filin na auna. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne siton da ya riga ya gina, dogo, mita goma sha takwas, kuma a jikinsa yake son kafa bututun. Iska in ta ci karo da dogon gini, juyawa take a bayansa kamar ruwa a bayan dutse, ta jawo hayaƙi ƙasa. Na dawo na zauna da bayanan shekara biyar, na tsince tara uku kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, na gyara agogo, na fitar da faifan kowace awa. Da rani iskar arewa maso gabas ce, wato daga bututun kai tsaye zuwa layinmu. Da sassafe faifai na ƙasa, kakana F na zaune. Lissafi ya ce in ana son hayaƙin ya tsallake Kawaji, sai bututun ya kai mita arba'in da biyar.

Kafin in gama, labari ya riga ni isa unguwa. Bayan la'asar liman ya riƙe mini hannu a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam Sabi'u, mun ji an ce kai za ka raba hayaƙin nan. To mu dai mun yafe kasonmu." A gida Inna ta ce, "Ni ban san mita ba. Amma in abin nan ya shigo mini ɗaki, gidan Alhajin za ka kai ni da buta da darduma, in zauna masa a falo."

Ranar da Alhaji ya dawo jin sakamako, na haska masa taswira a bango, ga ja ga ruwan ɗorawa. Na yi bayanin faifai, na yi na sito, ya yi ta gyaɗa kai. Na ce, "Saboda haka, Alhaji, mita arba'in da biyar."

Ya yi murmushi, ya gyara zama kamar wanda aka kawo wa abincin da yake so. Ya ce, "Madalla. Sha biyar."

Na ce, "Na'am?"

"Sha biyar na taya. Ƙarfe ya yi tsada, ɗan nan."

Na ce, "Alhaji, ai ba ciniki ba ne. Lissafi ne."

"To, ashirin, don darajar Dokta."

"Ranka ya daɗe, arba'in da biyar ne. Ko taƙi ba ya raguwa."

Murmushin ya ɗan ja baya. Ya nuna taswirar da waya ɗaya, ya ce, "Kai da bakinka ka ce da damina iskar juyawa take, ta kai shi gonaki. Rabin shekara nan, rabin shekara can. Ashe an yi canjaras ke nan."

Na ce, "Alhaji, wanda aka mara a kunci ɗaya wata shida, ba ya warkewa don an koma marin maƙwabcinsa."

Nan fa ya miƙe, ya tattara rigarsa. Ya ce, "Dokta, ina ka samo wannan? Ni na sayi gida, na sayi gona, na sayi tirela, ban taɓa ganin abin da kuɗinsa na farko shi ne na ƙarshe ba. Ko likkafani ana tayawa. Akwai wanda ya ce zai rubuta mini da mita goma, shi ya san girman mutane." Ya fice.

Na san irin waɗanda yake nufi. Akwai masu ɗauko rahoton wani gari su canza suna kawai. Na taɓa karanta wani da ya ce iskar teku za ta riƙa kwashe hayaƙin kowace yamma, a Kano, inda tekunmu mafi kusa shi ne kududdufin bayan tasha. In Alhaji ya faɗa hannunsu, mita goma za a gina, Kawaji ta koma tukubar mai tsire.

Dokta ya kurɓi ruwan zafin da muke kira shayi, ya ce, "In aikin nan ya kuɓuce, mun rufe. In ka rage ko taƙi ɗaya da ƙarya, na kore ka. Sha shayinka kada ya huce."

Washegari Haladu, direban Alhaji, wani dattijo Bakatsine, ya dawo ɗaukar wayar da maigidansa ya manta don fushi. Na same shi a gindin mangwaro suna hira da Malam Idi. Yana ganina ya ce, "Ga mai zagin manya."

Na ce, "Ni? Wallahi ban zage shi ba."

"Ka hana shi tayi, wane zagi ya fi wannan? Malam, Alhaji ba kuɗin yake ji ba. Ranar da za a yi masa aikin ido, yana kwance an rufe shi da ƙyalle yana taya likita. In bai karya mutum ba, abinci ba ya yi masa daɗi. Jiya ko tuwo bai ci ba. Da saba'in ka ce, da yanzu kun rabu a arba'in da biyar ɗinka, yana sa maka albarka."

Na ce, "Yanzu ai ba dama in ce saba'in. Kuma ƙarya ce."

Ya ce, "To kai ka sani. Amma nemo abin da za ka sakar masa. Ko akuya ba ta bin wanda hannunsa ba dusa."

Na koma ciki na zauna ina kallon taswira, sai wani abu da na sani tun shekarar farko ya dawo mini. Hayaƙi ba a bakin bututu yake tsayawa ba. In ya fito da zafi da gudu, tsalle yake ƙarawa sama kafin iska ta kwantar da shi. Abin da Kawaji ta damu da shi ba tsawon ƙarfen ba ne, tsawon ƙarfe ne haɗe da tsawon tsalle, da kuma yawan tokar da ke ciki. Ashe kowace mita tana da abin da za a musanya ta da shi. Ashe lamba ma tana tayuwa, in dai da wata lambar za a biya.

Na yi kwanaki ina gudanar da manhajar, ina jiran wuta kamar mai jiran ganin wata. In an janye bututun nesa da sito, mita kaza ta sauka. In an sa babbar fanka mai tura hayaƙi da ƙarfi, kaza. In an sa tarkon toka, wani ƙarfe mai kama da mazurari da ke juya hayaƙi tokar ta zube, kaza. In ba a hura wuta sai hantsi ya yi, faifai ya ɗaga, kaza. Da na haɗa duka, ƙasan ƙasa ya tsaya a talatin da shida. Ya wuce ƙa'ida, amma da ƙyar, irin wucewar mai babur tsakanin tirela biyu. Hankalina ya fi kwanciya da talatin da takwas. Dokta ya bi lissafin layi-layi da jan biro, sannan ya ce, "Wannan ba ragi ba ne, musaya ce. Je ka. Amma ƙasa da talatin da shida, kada ka dawo mini gida."

Gidan Alhaji layi uku ne daga ofis. Na same shi da hantsi a rumfar ƙofar gida, kan darduma, da abokansa 'yan kasuwa huɗu. Na gaishe su, ya amsa da ƙyar yana kallon gefe.

Na ce, "Alhaji, na zo ne a yi ciniki."

Wallahi sai da fuskarsa ta yi haske kamar an kawo wuta. Ya ce, "Haladu, kawo wa baƙo lemo! To, nawa ka ce?"

"Arba'in da biyar."

"Ashirin."

"Albarka."

Abokan suka matso. Wani mai jar hula ya ce, "Yau ga yaro ya zo da shirinsa."

Alhaji ya ce, "Ashirin da biyar, kuma don na ga ka yi hankali ne."

Na ce, "Albarka. Amma in za ka janye shi daga jikin sito zuwa ƙarshen fili, na sauko arba'in da biyu."

"Filin nawa ne, janyewa ba ta cin kuɗi. Na janye. Ashirin da takwas."

"In ka sa tarkon toka, arba'in."

"Tarkon me? Toka ɓera ce?"

Na yi masa bayani, na ƙara da cewa masu bulo da manoma na sayen tokar. Ya dubi mai jar hula, mai jar hula ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na sa. Talatin."

Na miƙe na fara neman takalmina. Na ce, "Allah ya ba mu alheri, Alhaji. Na ga ba saye za ka yi ba."

"Kai, dawo! Ji shi da saurin fushi kamar ɗan fari. Zauna. Me ya rage a buhun naka?"

"Babbar fanka. Da ita na sauko talatin da takwas. Nan kuwa uwar kuɗi ce, wallahi ko riba babu."

Nan nake son mu tsaya. Amma ku sani, ni ɗan koyo ne, shi kuwa a wannan fagen ya yi furfura. Ya karɓi fanka, ya taya talatin da biyu. Ya ba ni labarin yadda ya yi dakon buhu yana yaro. Ya tambayi lafiyar Inna da sunanta, ban san inda ya samo ba. Ya ce shi da mahaifina sun taɓa haɗuwa a wani ɗaurin aure, saboda haka ni ɗansa ne, ɗa kuwa ba ya cutar ubansa. Sannan ya ƙura mini ido. Ban san lokacin da na zaro abu na ƙarshe ba.

Na ce, "In ka yi alkawari ba za a hura wuta ba sai hantsi, kuma a rubuta a rahoto, talatin da shida. Alhaji, ƙasa da haka ko wuƙa ka sa mini ba ni da shi. Uwata ce a bayan katangar injin nan naka."

Ya dube ni, ya ga wannan karon gaskiyar ƙarshe ce, don ɗan kasuwa ya fi likita sanin inda ƙashi yake. Ya kamo hannuna ya damƙe, ya ce, "Talatin da shida. Ka sallama?"

"Na sallama."

Ya juya wurin abokansa yana washe baki. "Kun gani? Daga arba'in da biyar! Mita tara na karya ɗan boko, da kwamfutarsa da komai!" Aka yi ta tafa masa. Ni kuwa ina zaune ina tunanin mai babur tsakanin tirela biyu.

Bai saki hannuna ba. Ya ce, "To, saura gyara."

Na ce, "Gyara kuma?"

"Af! A ina aka taɓa ciniki irin wannan ba gyara? Ko mai gyaɗa tana ƙara 'yar ƙwaya."

Allah ne ya sa mini maganar a baki. Na ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Na ƙara maka mita biyu a kai."

"Yawwa, Allah ya yi albar..."

Ya tsaya, baki buɗe. Sai mai jar hula ya kwashe da dariya har hular ta faɗi, sauran suka bi shi. Alhaji ya ce, "Tsaya, tsaya. Ai ƙasa nake nufi!"

Mai jar hula yana share hawaye ya ce, "Haba Alhaji, a wace kasuwa aka taɓa gyara da ragi? Gyara ƙari ne. Kai ka roƙa, an ba ka, har ka sa albarka. Kuma ka fi kowa sani, ba a mayar da gyara."

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ga duk shaidu ne, kuma duk gobe suna Dawanau. Ya saki hannuna, ya riƙe haɓa, sai shi ma dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Tun ina ɗaukar mudu nake karɓar gyara, yau ne aka ba ni wanda ni zan biya kuɗinsa. Rubuta talatin da takwas. Haladu, karɓe lemon nan, bai cancanta ba."

Haka aka gina shi. In kun bi ta Dakata da hantsi za ku gan shi a ƙarshen fili, hayaƙinsa na tashi fari-fari, ya bi ta can saman Kawaji ya wuce bai gaishe da kowa ba. Mita biyun ƙarshe an shafa musu jan fenti saboda jiragen sama. Duk baƙon da Alhaji ya kai ya ga injin, sai ya tsayar da shi a tsakar fili, ya ɗaga sanda ya nuna, ya ce, "Ka ga jan nan na sama? Kyauta aka ba ni."